Ga yaron da ke tsoron sana'ar kafa dish za ta mutu

Ka tambaye ni ko akwai amfanin ka ci gaba da koyon kafa dish, tunda ka ji cewa kamfanin Canal+ na Faransa ya saye MultiChoice, mai DStv da GOtv, kuma abokanka suna gaya maka cewa nan gaba kaɗan kowa zai koma kallo ta intanet. Da wata tambayar ce da na ce ka ɗauki tsani ka wuce, amma wannan ta fama mini wani tsohon ciwo, saboda haka ka saurara.

Cinikin da ka ji gaskiya ne, an kammala shi a watan Satumba na 2025, kuma ba shi ne na farko ba. A Amurka, Disney ya saye mafi yawan kadarorin 21st Century Fox a 2019 a kan dala biliyan 71, WarnerMedia da Discovery suka haɗe a 2022, a shekarar ce kuma Amazon ya mallaki kamfanin fina-finai na MGM. Abin da ya kora su guda ne: Netflix da YouTube sun janye masu kallo, tsofaffin kamfanonin kuma suka lura cewa duk wanda ba shi da tarin fina-finai da wasannin da za su sa mutum ya ci gaba da biyan kuɗin wata, ba zai kai labari ba. A watan Mayu na 2025 ƙididdigar Nielsen, kamfanin da ke ƙirga masu kallo, ta nuna cewa kallo ta intanet a can ya zarce na kebul da na tashoshin iska a haɗe. To amma can jan wayar intanet ake yi har cikin gida, galibi ba a lissafa wa mutum abin da ya sha. Mu nan data ake saye, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari.

Irin maganar abokan nan naka ce ta ci mini jari shekarun baya. Wani Alhaji ya gina masauki a bakin titi, ya kira ni na sa masa talabijin a kowane ɗaki, da falon baƙi, da wurin cin abinci. Mutum ne da muke sallah a masallaci ɗaya, ya ce mini kuɗinsa sun tafi a fenti da tayil, in yi aikin, ranar buɗewa zai sallame ni gaba ɗaya. Na je wurin dilana na karɓo dikodoji, da waya bandir-bandir, da na'urar rarraba sigina, rabi da kuɗina, rabi bisa amanar da na daɗe ina ginawa a kasuwa. Ni da yarana muka shiga silin a tsakiyar bazara, muka huda bango, muka ja waya a ɓoye yadda ko ɗaya ba ta leƙo ba, kuma har gobe ina ƙalubalantar duk mai sana'ar nan a garin ya nuna mini aikin da ya fi wannan tsabta.

Ana saura kwanaki a buɗe, sai ɗansa ya dawo hutu daga jami'a, ya zaga ɗakunan da waya a hannu, ya ce wa uban an yi asarar kuɗi, dish kayan da ne, manyan otal-otal na duniya duk ta intanet suke kallo. Da na je karɓar kuɗina, Alhaji ko zama bai ce in yi ba. Ya ce sun sake shawara, in kwashe kayana. Wayar da aka yanka daidai tsawon kowane ɗaki, wa zai saye ta? Dikodar da aka buɗe aka yi mata rajista, wane dila ne zai karɓa a kuɗinta? Na kai maganar gaban limami da mai unguwa, ya rantse cewa shi gwaji ya ce in yi, kuma babu takarda, babu shaida. Babur ɗina na sayar na biya dila, na yi watanni ina hawan haya zuwa wurin aiki kamar sabon shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da kakar ƙwallo ta kama, baƙinsa suka fara ƙorafi cewa hoto yana tsayawa, kuma sai sun ji ihun gidan kallon da ke maƙwabtaka kafin su ga an ci, domin kallo ta intanet yana zuwa a makare. Sai ya nemo wani yaro da bai fi shekara biyu a sana'ar ba, ya jona masa dikodoji a kan wayoyina da ke cikin silin, ya ba shi kuɗin shayi. Yaron ya san aikin wane ne, kuma bai ji kunya ba. Haka yaran yanzu suke, kowa yana son ya zama oga kafin ya iya riƙe sifana.

Daga nan ka gane cewa ƙwallo ce ke riƙe da dish a ƙasar nan. A 2007 wani kamfanin dish mai suna HiTV ya karɓi haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila a Nijeriya, mutane suka yi rububin dikodarsa, da haƙƙin ya kuɓuce masa kuwa, zuwa 2011 an daina jin ɗuriyarsa. Muddin mai gidan kallo yana tara mutane da janareta ranar Asabar, zai nemi mai kafa dish. Amma gidajen aure sun fara suɓuce mana, ban ɓoye maka ba, domin fina-finan Kannywood masu dogon zango a YouTube matan gida suke kallonsu, MultiChoice kuma da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya sama da miliyan ɗaya a Nijeriya cikin shekara biyu, galibi saboda tsadar rayuwa. Sabon mai kamfani yana iya sauya dikoda, ko farashi, ko ladan da ake ba dila, kuma babu wanda zai tambayi ra'ayinka daga Faris, saboda haka kada ka taɓa zuba jarinka a kayan kamfani ɗaya.

Yadda ake nemo tauraron DStv a digiri 36 gabas, ko ɗaure LNB, na'urar kama sigina da ke gaban dish, ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda ya yi wata uku a shagona bai iya su ba ya koma gona. Abin da nake so ka ƙara shi ne jan wayar intanet, da saita rauta mai raba intanet a gida, da kafa Starlink mai kawo intanet ta tauraro, wanda ya shigo Nijeriya a 2023 kuma shi ma a kan rufi ake ɗora shi, yana buƙatar mai tsani da ya san inda ake huda bango ruwa bai shiga ba. Kowane aiki kuma, na dish ne ko na intanet, mai gida ya biya kuɗin kaya gaba ɗaya, ya ba da kafin alƙalami na aikin hannu, a rubuta a takarda da shaidu biyu, ko da kuwa a sahu ɗaya kuke sallah. Ranar da na ji ka yanka waya kafin kuɗi ya shiga hannunka, daga albashinka zan cire.