Tambaya da Amsa: Ciwon Damuwa da Bugun Zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Wata huɗu ke nan da aka tabbatar mini da ciwon damuwa, kuma nakan ji gabana yana faɗuwa, zuciyata tana dukan uku-uku ko da ina kwance. Yayana ya yi irin wannan ciwo, amma bai taɓa kuka da zuciyarsa ba. Shin damuwa tana taɓa bugun zuciya, kuma akwai bambanci tsakanin mace da namiji?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ki lafiya. Tana taɓawa ƙwarai. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki, ki shaƙi iska a hankali sannan ki fesar. Bugun yakan ɗan ƙara sauri wajen shaƙa, ya lafa wajen fesarwa. Wannan ɗan saɓani tsakanin bugu da bugu alamar lafiya ce, domin jijiyoyi iri biyu ne ke sarrafa zuciya: masu zaburar da ita lokacin tsoro ko gudu, da kuma wadda likitoci ke kira vagus, mai saukowa daga ƙwaƙwalwa tana ja mata linzami. A jikin mai ciwon damuwa linzamin yakan yi sako-sako, sai zuciya ta kasa lafawa yadda ya kamata, saɓanin nan kuma ya ragu. Al'amarin ya kai ga a 2014 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a lissafa ciwon damuwa cikin abubuwan da ke ƙara haɗari ga wanda ciwon zuciya na farat ɗaya ya kama, wato toshewar hanyar jinin zuciya.

Shirun yayanki ba hujja ba ne cewa ciwon bai taɓa zuciyarsa ba. A wasu bincike an tarar raguwar saɓanin ta fi fitowa fili a maza, ga shi kuma ba abu ba ne da mutum ke ji a ƙirjinsa, sai an auna da na'ura.

Inda na fi so ki sa ido shi ne wajen magani. Bayan kowane bugu zuciya tana ɗaukar ɗan lokaci kafin wutar lantarkinta ta koma daidai, wanda a takardar gwajin zuciya na ECG ake kira tazarar QT, kuma daga balaga wannan tazara ta fi tsawo a mata. Wasu magungunan damuwa suna ƙara tsawaita ta, idan kuwa ta wuce kima bugun yana iya rikicewa rikicewa mai haɗari, abin da ya fi samun mata. Shi ya sa a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi likitoci kada maganin damuwa mai suna citalopram ya haura miligiram 40 a rana. Tsofaffin magunguna irin su amitriptyline kuma sukan sa zuciya sauri da kansu.

Kada wannan ya sa ki ajiye maganinki da kanki, domin yanke shi lokaci guda yana da nasa sharrin. Ki kai wa likitanki duk abin da kike sha, ki nemi a yi miki ECG, a kuma duba jininki, saboda ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo faɗuwar gaba. Idan kuwa ta zo da suma, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ki tafi asibiti nan take.