Furen da ya tsiro a bayan gidanmu: in bar shi ko in tuge?

Tambaya: Malam, wani tsiro ya fito da kansa a bayan gidanmu a Gusau, kusa da juji. Ya kai ƙugu, furensa fari ne dogo kamar bakin kakaki, sai da yamma yake buɗewa, 'ya'yansa kuma masu ƙaya ne. Ina son barinsa don ado, surukata ma ta ce maganin asma ne, amma a wurin yarana suke wasa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, gara da kika tambaya. Yadda kika siffanta shi, zaƙami ne, wato Datura, wanda wasu ke kira haukata-yaro. Zurma ma tana da 'ya'ya masu ƙaya, amma ganyenta mai yatsu ne, kuma ba ta yin irin wannan fure. Zaƙami ba ya neman wata kulawa, rana da takin juji sun ishe shi. Sai dai ba ado ne na gidan da ke da yara ba.

Maganar asma ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Gaskiya ne akwai sinadarai masu guba, atropine da scopolamine, a jikinsa, kuma suna iya ɗan buɗe hanyar numfashi. Amma wa ya auna? Ƙarfin gubar yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, har ma tsakanin ganye da iri. Mai tallar magani a tasha da ke cewa "ɗan kaɗan za a turara" bai san adadin da yake ba mutane ba. Mai asma ya je asibiti a rubuta masa maganin asma na shaƙa, wato salbutamol.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yaro ya tauna irin, jikinsa ya yi zafi babu gumi, baki ya bushe, baƙin ido ya buɗe, yana sambatu yana cafkar abin da babu shi, sai a ce iska ce ta shige shi. A kwana ana turare, ana ɗura masa manja da madara har ya shaƙe. Don Allah a daina! Kada a sa shi amai. A garzaya da shi Asibitin Tarayya (FMC) na Gusau ko Asibitin Yariman Bakura, a tafi da ɗan itacen don likita ya gani.

Ki ba surukarki haƙuri, ki sa leda a hannu ki tuge shi da saiwarsa kafin 'ya'yan su fashe. Kada ki taɓa ido, kada ki jefa wa awaki, kada kuma ki ƙona shi a tsakar gida. A binne shi cikin rami mai zurfi. Irinsa yana shekaru a ƙasa bai mutu ba, don haka ki riƙa duba wurin duk farkon damina.