Kun tambaya: in jefar da tsohon imel ɗina ko akwai dabara?

Tambaya: Salam Malam. Ina sayar da humra da turaren wuta a Angwan Rogo, kuma gaskiya duk fom ɗin tallafi ko na neman aiki da aka turo a guruf sai na cike. Yanzu imel ɗina ya cika da tarkace, tallan caca, "kin ci kyauta", har wani ya turo wai daga banki in sabunta BVN. Saƙon kwastoma sai ya nutse a ciki. Ƙanina ya ce in bar shi in buɗe sabo, in bi maganarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na BVN ɗin nan dai kar ki danna komai a cikinsa, 'yan damfara ne. Maganar ƙaninki kuma ban goyi baya ba, don wannan tsohon imel ɗin shi bankinki ya sani, ƙila da shi kika buɗe Facebook da Instagram ɗin kasuwancinki, ranar da kika manta fasawod can za a tura miki lambar dawo da asusu. Kuma in kin buɗe sabo kika ci gaba da raba shi ga duk wanda ya tambaya toh ai jiya i yau.

Abin da ya kamace ki shi ne adireshin aro. Wani kamfani zai ba ki adireshi daban, shi za ki rinƙa rubutawa a fom, duk saƙon da aka tura masa sai ya wuce zuwa ainihin imel ɗinki ba tare da mai turowa ya san sunansa ba. Kamar zaure ne, baƙo ya tsaya nan ya ba da saƙo, bai san ɗakinki ba. Daɗin abin shi ne kowane waje kina iya ba shi nasa daban, ranar da ɗaya ya fara kawo tallan caca sai ki kashe shi kaɗai, shikenan, kuma kin gane waɗanda suka sayar da bayananki ko aka sace a hannunsu.

Guda biyu zan ambata miki, duka babu ko sisi. DuckDuckGo suna ba da adireshi mai ƙarewa da @duck.com, iya adadin da kike so, suna kuma cire 'yan abubuwan leƙen asirin da ake ɓoyewa cikin saƙo don a san kin buɗe ko ba ki buɗe ba. Sai kin sauke burauzarsu a waya kafin ki yi rajista. Na biyu SimpleLogin, wanda kamfanin Proton na Suwizalan ya saya a 2022, na kyautarsa guda 10 ne, kuma in kin mayar da amsa da adireshin aron za ta fita. Ni a ganina ga mai cike fom kullum irinki DuckDuckGo ya fi, goma ba za ta kai ki ko'ina ba.

Za ki ji wasu na cewa ai Gmail ma yana yi, ki ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanki kafin @gmail.com. Eh yana yi, yana da amfani wajen tantance saƙonni, amma bai ɓoye komai ba tunda sunan naki na nan ƙuru-ƙuru, mai wayo share abin da ke bayan + ɗin kawai zai yi, wasu fom ɗin ma ƙin karɓar alamar suke.

Sai ki kula da kafe, wato shagon intanet. In kin je Terminus yaron da ke kan kwamfuta ya ce "Hajiya imel ɗinki?", ki riga ki ƙirƙiri na aro a wayarki ki nuna masa ya kwafa, don haruffan a cakuɗe suke, in kika karanto masa da baki sai ya rubuta wani abu daban. Fasawod kuwa ko ya roƙa kar ki bayar. Amma banki, fasfo, JAMB, NYSC, waɗannan ki ba su na ainihi, saboda abu ne na shekaru, in kamfanin aron ya rufe ko kika kashe adireshin bisa kuskure wahalar canzawa sai ta fi tarkacen ciwo.

Tambaya: Malam ina amfani da iPhone, na ga Hide My Email amma sai an biya. Ya cancanci kuɗin? Ɗalibi ne ni a Naraguta.

Amsa: Ɗan uwa, wannan shi ne adireshin aro na Apple, sun kawo shi a 2021 cikin iCloud+, wato wajen ajiyarsu da ake biya, ko ƙaramin tsarin nan na 50GB ka saya yana ciki. In dama wayarka na damunka da cewa waje ya cika kuma za ka sayi ƙarin wajen, toh ka samu biyu a kuɗi ɗaya, kuma yana da sauƙi don a burauzar Safari da kansa yake fitowa in ka zo gurbin imel. Amma a ce don shi kaɗai za ka rinƙa biya duk wata da kuɗin ɗalibi, a'a. Ka kuma tuna a asusunka na Apple yake ɗaure, in gobe ka sayar da wayar ka koma Tecno kula da adiresoshin zai zama aiki. Manhajojin da ke da Sign in with Apple kuwa dama suna ba ka zaɓin ɓoye imel kyauta.

Tambaya: Wannan zai hana masu manhajar bashi kiran 'yan uwana? Daga Rikkos.

Amsa: Ko kaɗan Malam. Su ba ta imel suke bi ba, lambobin da ke wayarka suka kwashe lokacin da ka danna musu izini. Shiga saitin waya ka janye izinin lambobi da na saƙonni, duk da abin da suka riga suka kwasa yana hannunsu. In sun ci gaba da tona maka asiri ka ajiye hoton saƙonnin ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko hukumar kare bayanai ta NDPC a Abuja, wadda dokar 2023 ta kafa.