Tambayoyin Masu Karatu: Awon Ƙodar Dattijo

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 74, kuma takardar gwajin jininsa ta nuna eGFR 54. Shin ciwon ƙoda ne ya kama shi? Daga wani mai karatu a Argungu.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan adadi kiyasi ne na yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya, kuma ana lissafa shi daga sinadarin kiriyatinin (wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini) da shekarun mutum da jinsinsa. Gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, domin likitoci ba sa tabbatar da ciwon ƙoda mai daɗewa sai adadin ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata 3, ko an ga furotin na albumin yana zuba cikin fitsari tsawon wannan lokaci.

Lamarin dattawa yana da sarƙaƙiya. Aikin ƙoda yana raguwa sannu a hankali da tsufa, sannan kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, saboda haka tsohon da ya rame zai iya samun sakamako mai kyau alhali ƙodarsa ta raunana. A irin wannan hali gwajin sistatin C, wani sinadari na daban da ake aunawa a jini, ya fi aminci. Ƙishirwar bazara ko gudawa ma kan saukar da adadin na ɗan lokaci.

Ku maimaita gwajin, ku haɗa da na fitsari, a auna hawan jini da sukari. Idan Baba yana shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, ku nuna wa likita kwalin, domin irin waɗannan magunguna na iya cutar da ƙoda.