Filin Tambaya da Amsa: Manomi ya kasa biyan kuɗin tarakta, banki ya kama dila

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dila ne na kayan aikin gona a Funtuwa, ina sayar da tarakta da garma da haro da injinan ban-ruwa. A farkon 2023 na sa hannu a yarjejeniya da wani kamfani mai shigo da taraktoci, na kuma sa hannu a wata da bankin da ke ba manoma rancen saye. Yanzu manoma biyu sun kasa biya, banki ya cire kuɗin daga asusuna, kamfanin kuma ya ƙi karɓar taraktoci uku da suka yi kwantai a harabata, ga kuɗin ruwa yana hawa a kansu kowane wata. Shin haka ake yi ko'ina, ko zaluntata aka yi?
Daga wani mai karatu, Funtuwa, Jihar Katsina

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri. Haka ake yi a wurare da yawa, amma yawan yin abu ba ya mayar da shi adalci, kuma a ganina an ɗora maka kayan da ya kamata mutum uku su raba.

Sunan da ake kiranka da shi ne farkon ruɗanin. Dillalin da muka sani a kasuwar shanu ko a Dawanau la'ada yake ci; idan saniya ta mutu kafin a yi ciniki, asarar mai ita ce, idan hatsi ya karye, mai buhu ne zai ji a jikinsa. Kai kuwa ana ce maka dila, alhali a takarda kai mai saye ne: tun ranar da aka sauke taraktocin nan daga kan tirela suka zama naka, bashinsu ya hau wuyanka, ko sun shiga ko ba su shiga ba. Irin waɗannan yarjejeniyoyi kan tilasta wa dila ya ɗauki wani adadi a shekara, su hana shi sayar da tambarin wani kamfani, su sa shi ya ajiye kayan gyara da bakanike da kuɗin aljihunsa, amma kamfanin ya riƙe wa kansa ikon sauya farashi ko soke hulɗar da gajeriyar sanarwa. Tarakta kuwa ba gishiri ba ce da ake saye kullum. Cinikinta na gab da damina ne da lokacin noman rani, wadda ta wuce watan Yuni ba ta fita ba tana iya yin watanni a rana, tayoyinta suna tsagewa, batirinta yana mutuwa, fentinta yana kwoɗewa, mai saye kuma ya zo ya taya ta kamar tsohuwa.

Lokacin da ka sa hannu ma ya ƙara maka nauyi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Babban Bankin Najeriya kuma ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci suka ɗora nasu a kai. Idan an ƙulla farashinka da dala, bashinka kuma da kuɗin ruwa mai hawa da sauka, to an bar ka tsakanin wuta biyu, ga manomin da zai saya samunsa bai ninka uku ba.

Batun cire kuɗi daga asusunka shi ya fi damuna. Ka ɗauko takardar bankin, ka nemi sakin layin da ya ce idan mai saye ya kasa biya za a dawo kan dila, da wanda ya ba banki izinin taɓa duk wani asusunka don cike giɓi. Idan suna nan, to ka tsaya wa manoman nan lamuni ne, ko an faɗa maka da baki ko ba a faɗa ba. Rashin adalcin a bayyane yake: banki ne ya tantance manomin, shi ya amince da shi, shi yake cin kuɗin ruwan, amma da fari ko ambaliya ko 'yan bindiga suka hana girbi, sai aka nemi wanda ribarsa sau ɗaya ce tak, ranar ciniki. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida a kan wannan, cewa mai cin amfanin abu shi ke ɗaukar hasararsa, kuma da ita ya kamata ka auna duk takardar da aka miƙo maka.

Dilolin Amurka sun sha irin wannan wahalar, shi ya sa yawancin jihohin ƙasar suka yi dokar da ta wajabta wa kamfani ya sake sayen sababbin injina da kayan gyaran da ke hannun dila idan hulɗa ta ƙare, da dama daga cikinsu kuma suka hana soke yarjejeniya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ƙungiyoyin dilolin ne suka matsa har aka samu hakan. A nan gida, abin da ka sa wa hannu shi kotu za ta fara dubawa, don haka kariyarka tana cikin rubutun.

Kada ka ƙara sa hannu a komai, ko da an ce maka sassauci ne, sai lauyan da ya san harkar kasuwanci ya karanta takardun biyu tare, domin sau da yawa a tsakaninsu ramin yake. Ya duba ko ya wajaba banki ya fara ƙwato taraktar daga manomi ya sayar kafin ya waiwaye ka, ko an yi rajistarta a matsayin jingina a ƙarƙashin dokar 2017 ta jinginar da kadarori masu motsi, ko kuma rancen yana da lamunin NIRSAL, wato kamfanin da Babban Banki ya kafa don tsaya wa rancen noma, ko na asusun lamunin bashin noma da aka kafa a 1977, wanda ke ɗaukar har kashi 75 cikin ɗari na abin da aka kasa biya. Idan akwai irin wannan lamuni kuma aka cire maka kuɗin gaba ɗaya, kana da hujjar rubuta wa bankin ƙorafi, in bai warware ba ka kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. In har dole ka biya bashin manoman, ka nemi a miƙa maka haƙƙin taraktocin a rubuce, kada ka biya kuɗi wani ya ci gaba da huɗa da su.

Taraktoci ukun da ke harabarka kuwa, ka rubuta wa kamfanin ka nemi ya mayar da su ga wani dila da ke da masu saye, ko ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin ruwan. Idan ya ƙi, ka duba ko yarjejeniyar ta yarda ka ba da su haya ga ƙungiyoyin manoma, domin amfani da su na iya zubar da garanti. Sa'annan ka nemi sauran dilolin kamfanin na Zariya da Kano da Gusau, ku shiga ofishinsa tare da murya ɗaya: a sabunta yarjejeniya da sharaɗin karɓar kayan da suka yi kwantai, a kuma sa iyaka ga abin da dila zai biya idan manomi ya gaza.