Ba barci yake yi ba, 'yar uwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun da na karanta tambayarki jikina ya yi sanyi, wallahi kamar labarin gidanmu kika ɗauko. Kin ce an kawo ƙaninki a buge, ko tsayuwa ba ya iya yi, kuka sheƙa masa ruwan sanyi kuka kulle shi a ɗaki, yanzu kina so ki san ko madara ce ko manja ke karya maye idan ya kuma. Babu ko ɗaya. Kullewar nan ma ita ta fi tsaya mini a rai.

Namu a Jos ya faru, cikin hunturu, wajen ɗayan dare. Abokansa suka jingine shi a zaure kamar buhun masara, suka buga ƙofa, kafin in zare sakata sun tsere. Takalminsa ma ƙafa ɗaya ne. Goskolo suka sha, wata giya mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, daga baya muka ji har da tiramol a kai. Abin da Inna ta fara faɗa shi ne, "Ku yi a hankali kada maƙwabta su ji." Muka ja shi ciki muka kwantar da shi rigingine, ta ɗura masa manja da cokali, ni kuma ina shafa masa ruwa. Da ya fara minshari har hamdala na yi, wai ya samu barci.

Ba barci ba ne. Can sai minsharin ya koma wani irin gurnani, kamar ruwa na tafasa a maƙogwaro. Na haska fitilar waya: amai ta baki ta hanci, leɓɓansa sun yi duhu, jikinsa sanyi ƙalau. Na mintsine shi, na mare shi, ko gezau. Har yau in na ji warin manja a kan wuta daren nan nake tunawa. Ƙarshe dai maƙwabciyar da muke ɓoye wa, malamar asibiti ce, ita na je na buga wa ƙofa ba ko ɗankwali. Tana zuwa ta juya shi ya kwanta a gefe, ta lanƙwasa masa gwiwa ɗaya, ta share bakin, ta ce a nemo mota yanzu-yanzu. Kwana 9 muka yi a asibiti. Sukarin jininsa ya faɗi, aman da manjan kuma sun gangara huhu.

Likita ya yi mana faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa. Ya ce ko mutum ya daina sha, giyar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini, shi ya sa wanda aka kwantar yana surutai zai iya sumewa bayan awa guda ba wanda ya sani. Tana kashe tarin da ke hana mutum shaƙewa, tana rage numfashi. Hanta ce ke fitar da mafi yawanta, a hankali, ba shayi ko kofi ko lemon tsami da zai sa ta yi sauri. Ruwan sanyi kuwa ƙara masa illa yake, don dama zafin jikinsa sauka yake yi. Kada ki ɗura masa komai, kada ki sa masa yatsa wai ya yi amai. Ki zauna kusa da shi ki ƙirga numfashi: in bai kai 8 a minti ɗaya ba, ko yana ɗaukewa kamar daƙiƙa 10, ko ba ya farkawa, ko ya fara fizge-fizge, ku ɗauke shi zuwa asibiti kawai. Ki gwada kiran 112, lambar gaggawa, amma kada ki zauna jira. Kuma ku faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, musamman in da ƙwaya ko kodin, haɗin nan ne ke tsayar da numfashi.

Amma abokan nan! Ɗaya a gidanmu ya tashi, a kwano ɗaya suke cin tuwo. Bayan an sallamo mu ya zo dubiya da ledar ayaba, yana "Allah ya kiyaye gaba, Anti", kamar ba shi ya yar da shi a zaure ba. Da ya tsaya minti biyu ya ce mana akwai ƙwaya a ciki, da ba mu ɓata awa biyu ba. Inna ta yafe. Ni har yanzu ban iya amsa gaisuwarsa.

Af, in ya farka yana cewa yana gani dishi-dishi, kada ki ce gajiya ce. Ana samun guba a ogogoro, irin wadda ta kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015, tana makantarwa. Ga kuma giyar 'yan ƙananan ledoji da yara ke sa wa a aljihu, ba ki sanin nawa ya zuƙe.

Maganar Baba da kike tsoron ya sani, na fahimce ki. Mu ma mun ɓoye, a bakin wani ya ji, ya fi jin zafin hakan. Nasiha ki bari sai ya wartsake ya ci abinci, daren ba ya jin komai. Namu yana nan, wata bakwai ke nan bai taɓa ba, sai dai duk hunturu tarin nan na dawo masa. Don Allah ki cire kwaɗon ɗakin nan tun yau.