Tambayi Likitan Dabbobi: Yaushe Zan Sauya wa Ɗan Kwikwiyona Abinci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina da gonar kaji a bayan Yelwa, kan hanyar Dass. Sau biyu ɓarayi suna haura mini katanga a daminar bara, shi ya sa na sayo ɗan kwikwiyo irin Boerboel daga Jos. Yanzu watansa 7. Haƙoransa sun gama fitowa, tsayinsa ya wuce gwiwata, in ya yi haushi sai ka rantse babban kare ne. Tun da na kawo shi abincin kwikwiyo na buhu nake ba shi, amma kuɗin ya fara yi mini nauyi. Mai shagon ya ce tunda ya gama haƙora in koma na manyan karnuka, ya fi sauƙin kuɗi. Wani abokina kuma ya ce in riƙa ƙara masa maganin ƙarfin ƙashi. Wanne zan bi?

Mai gonar kaji, Yelwa, Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya tsare dukiya, ya kare gaba. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu. Karenka yaro ne har yanzu, kuma da sauransa kusan shekara guda kafin ya ci abincin manya.

Maganar haƙori ita ce ta fi ruɗin mutane, kuma na fahimci dalili. Mu da muka taso cikin kiwo, da haƙori muke gane shekarun rago da sa, sai mu ɗauka haka abin yake ga kare. Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, yana fara zubar da su wajen wata 4, zuwa wata 6 ko 7 kuma haƙoran manya guda 42 sun cika. Wannan lissafin kusan ɗaya ne ga ƙaramin kare da babba. Ƙashi kuwa kowane iri da nasa lokacin. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na ƙafa akwai wani wuri mai taushi kamar guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsayi. Sai ranar da wurin nan ya rufe ya yi tauri za a ce kare ya gama girma. Ƙananan karnukan cikin gida, irin masu dogon gashin nan da ba su wuce kilo 10 ba, sukan gama a wata 9 zuwa 12. Matsakaita, har da yawancin karnukanmu na gida da na farauta, wajen shekara guda. German Shepherd da Rottweiler sai wata 15 zuwa 18. Irin naka, Boerboel, wanda asalinsa daga Afirka ta Kudu ne kuma namijinsa kan haura kilo 60, shi da wani ƙaton karen gadi mai suna Caucasian sukan kai wata 18, wasu har shekara 2. To naka da ke wata 7, ko rabin tafiyar bai yi ba.

Bambancin buhunan biyu kuma gaskiya ne, ba dabarar 'yan kasuwa ba ce. Ƙa'idar da AAFCO, ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, ta shimfiɗa, wadda kamfanoni da yawa ke bi, ta ce abincin kwikwiyo kada sinadarin gina jikinsa ya gaza kashi 22.5 cikin ɗari, na manya kuma kashi 18 ya wadatar. Maiƙo kashi 8.5 ga kwikwiyo, 5.5 ga babba. Haka kalsiyam da fosfaras, waɗanda da su ake gina ƙashi, an auna su daidai da jikin da ke kan girma. Kare mai ƙara kilo da yawa kowane wata, in ka mayar da shi kan abincin wanda ya riga ya tsaya, cikinsa zai cika amma ginin jikin ba zai samu kayan aiki ba.

Shawarar abokinka ce ta fi tayar mini da hankali, don na ga abin da take haifarwa. Shekarun baya an kawo mini wani German Shepherd ɗan wata 8 a bayan mota, daga wajen Fadaman Mada. Da aka sauko da shi sai ya tsaya yana rawar ƙafa, ƙafafun gaba sun buɗe waje, in ya taka sai ya ɗaga ɗaya yana kuka ƙasa-ƙasa. Na taɓa gwiwar hannunsa na ji ta kumbura da ɗumi. Mai shi mutum ne mai son karensa ƙwarai, abinci mai kyau yake saya masa, amma kullum da safe sai ya barbaɗa masa garin kalsiyam cokali biyu, wai don ya yi ƙashi irin na zaki. Da na gaya masa garin nan na cikin abin da ya jawo ciwon, sai ya zauna a kan benci ya riƙe kai. Har yau ina tuna fuskarsa. Abin da ke faruwa shi ne, hanjin ƙaramin kwikwiyo bai iya tace kalsiyam ba, duk yawan da aka ba shi sai jiki ya sha fiye da buƙata, kuma yawan nan yana ɓata yadda guringuntsi ke zama ƙashi a gaɓoɓi. Shi ya sa ma aka yi wa abincin kwikwiyon manyan iri iyaka: kada kalsiyam ya wuce kashi 1.8. Duba jikin buhunka. In ka ga an rubuta Large Breed Puppy, wato na kwikwiyon babban iri, shi ne naka, kuma kada ka ƙara masa komai a kai sai in likita ya duba shi ya rubuta.

Yanzu maganar kuɗi, don na san ita ce asalin tambayar, kuma ba abin kunya ba ne a wannan zamanin. Abu na farko, ina kyautata zaton kana ba shi fiye da kima. Yawancin masu karnukan gadi da nake zuwa gidajensu a Bauchi cika kwano suke yi su bar shi a gaban kare wuni guda, suna so ya yi ƙiba da wuri. Kwikwiyon babban iri da ya yi saurin nauyi, ƙugunsa da gwiwoyinsa ne ke biyan bashin daga baya. Ka auna abincin da gwangwani ɗaya kullum bisa jadawalin da ke bayan buhu, ka raba shi biyu, safe da yamma. Abin da bai cinye ba cikin minti 20 a ɗauke. Sa'an nan ka shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu. In ka ji haƙarƙarin a ƙarƙashin fata ba sai ka danna ba, amma ido bai ƙirga su daga nesa, to yana daidai. In sai ka tura yatsa kafin ka same su, a rage. Mutane da yawa sun dawo sun ce mini buhun da ke ƙarewa a mako uku ya koma kai su wata.

Na biyu, kai mai gonar kaji ne. Ƙwan da ya fashe ko ya tsage, wanda ba zai shiga kiret ba, dafa masa guda ɗaya a rana, ka ɗan rage na buhun. Amma mushen kaza kada ya kusance shi, kuma ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa kamar allura ya huda hanji.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne sayen abincin da ake ƙullawa a leda ana aunawa da mudu, babu suna babu ranar lalacewa. Ba ka san na wane kare ne ba, ba ka san tun yaushe aka buɗe buhun ba. Zafin Maris da Afrilu na garin nan yana sa maiƙon ciki ya yi ɗoyi, damina kuma ta kawo fumfuna. Ko na gidanka, a zuba shi a bokiti mai murfi a ajiye a inuwa.

Yadda za ka gane lokacin ya yi: ka riƙa auna shi sau ɗaya a wata. In kana da sikelin rataye na auna abincin kaji ka auna shi da shi, ko ka kawo shi asibiti a ɗora shi, ka rubuta a littafin gona. Haka tsayin kafaɗarsa, ka yi alama da gawayi a jikin bango. In ya kai wata 18 kuma ka ga wata biyu ko uku a jere layin bai motsa ba, nauyin ma ya tsaya, to bismillah. In an yi masa dandaƙa kafin nan, ka sa ido sosai kan ƙiba, domin buƙatarsa ta abinci tana raguwa bayan aikin.

Ranar sauyin ma kada a yi shi dare ɗaya, zawo ne zai biyo baya. Kwana biyu na farko, kashi ɗaya cikin huɗu sabo, sauran tsoho. Kwana biyu ko uku na gaba rabi da rabi. Daga nan sabon ya rinjaya, zuwa kwana 7 ko 10 ya koma kansa gaba ɗaya. Kashinsa ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi ruwa, koma matakin baya ka ƙara kwana biyu. In kuwa ka ga jini, ko amai, ko ya ƙi ci ya kwanta, wannan ya wuce maganar abinci, a kawo shi a ranar.

TAMBAYA

Likita, mu karyarmu ta gida ce, ta haifi 'ya'ya biyar mun bar ɗaya, yanzu wata 3. Ba mu taɓa sayen abincin buhu ba, ragowar tuwo da ƙanzo muke ba shi. Ya isa?

Uwar gida daga Tumfure, Gombe

AMSA

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika damu da shi. Ba dole sai kin sayi buhu ba, amma tuwo kaɗai ba zai gina shi ba. Shi ne kike ganin kwikwiyo da ƙaton ciki, siraran ƙafafu da gashi a tsaye. A waɗannan watannin sau uku ya kamata ya ci a rana, kuma kowane ci a samu abin gina jiki a ciki: dafaffen ƙwai, busasshen kifi da aka daka da ƙayarsa har ya yi laushi, ko huhu da tumbi daga mahauta, a dafa a yanka ƙanana. Hanta kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako. Kifin da aka daka da ƙaya yana da amfani na musamman, don tsokar nama zalla kusan babu kalsiyam a cikinta, kuma kwikwiyon da aka raina da tuwo da nama kawai ƙashinsa kan yi laushi har ya lanƙwashe. Kin ga tasa matsalar kishiyar ta Alhajin Yelwa ce.

Ki cire masa tuwonsa kafin a zuba miya. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko dafaffu ne. Ki kuma ja wa yara kunne kada su jefa masa goro, cakulan ko inabi. Ruwa mai tsabta ya zauna a gabansa kullum.

Zuwa wata 6 ki mayar da shi ci biyu, in ya cika shekara ya zama babba, sai ki rage yawan abincin gwargwadon jikinsa. Amma kafin duk wannan, a makon nan ki sa a kai shi asibitin dabbobi. Wata 3 shi ne lokacin allurar rigakafin cutar haukan kare, kuma gida ne mai yara. A haɗa masa da allurar cutar zawon jini ta 'yan kwikwiyo da maganin tsutsar ciki, wanda za a riƙa maimaitawa kowane wata har ya kai wata 6. Uwar ma a tafi da ita a yi mata nata.